Daren Asabar a Cocotiers

Mu da muka tashi a Katsina, kifinmu bai wuce tarwada da karfasa ba, sai bandar Baga da ake kawowa cikin kwali. Teku kuwa a littafin makaranta muka san shi. Da neman abinci ya kai ni Libreville a farkon shekarun 1990, na sauka a unguwar Cocotiers wajen wani dattijo ɗan Maraɗi da muke kira Baba. Da rana muna kasuwar Mont-Bouët muna fama da atamfa da takalma, daren Asabar kuwa na cin kifi ne.

Bayan sallar isha'i, matan unguwa kan jera gawayi a bakin titi. Mai saye zai nuna kifin da yake so, a tsaga masa shi, a cusa tafarnuwa da citta da attaruhu, a ɗora kan waya. Abin haɗi shi ne soyayyar agada ko rogon da aka jiƙa aka daka aka dafa cikin ganye. Yawancin masuntan da ke kamo kifin baƙi ne irinmu, Ilaje da Ijaw daga Nijeriya, da mutanen Benin da Gana, waɗanda kan shiga mashigin Komo da kwalekwale tun da asuba. A can na saba da miyar nyembwe ta 'ya'yan kwakwar manja, da odika, wadda ake yi da ƙwallon da Inyamurai ke miyar ogbono da shi.

Ranar da aka fara ajiye mana kaguwa da jatan lande, hannu ya ƙi miƙuwa. Baba ya dube mu ya ce, "Ku ci, yarana. A Malikiyya duk abin da ke cikin teku halal ne, ba ya buƙatar wuƙa." Ya ɓare ɗaya ya nuna mana yadda ake yi, muka bi sahu.

Wanda bai shiga ba sai da gardama shi ne ceviche, abincin mutanen Peru. Wani abokin cinikin Baba ne ya gayyace mu gidan abinci a unguwar Louis, aka kawo ɗanyen kifi fari fat, yankakke ƙanana, an jiƙa shi da ruwan lemun tsami da gishiri da jar albasa da barkono, ga dafaffen dankalin Hausa da masara a gefe. Wani abokina ya raɗa mini, "Wai wutarsu ce ta mutu?" Ashe tsamin lemun ne ke ƙarfafa tsokar ya mai da ita fara kamar ta ga wuta. Sharaɗin ceviche ɗaya ne: kifin ya zama na ranar. Shi ya sa a Lima da rana aka fi cinsa, kafin kamun safe ya daɗe a hannu ya canza. Ruwan sanyin Humboldt da ke bin gaɓar Peru ya sa tekunsu na cikin mafiya yawan kifi a duniya, kuma a 2023 UNESCO ta sanya ceviche cikin al'adun gado na bil'adama. Na cinye nawa tas, amma da muka koma gida sai da muka biya wajen mai gawayi.

Wannan zama bai ɗore ba. A Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, komai ya yi tsada, kifin da mutum ɗaya kan ci ya koma na mutum uku. A farkon 1995 kuma hukuma ta ba baƙi marasa takardu wa'adin barin ƙasar, da yawa cikin abokan cin kifinmu suka hau jirgin ruwa zuwa gida. Baba ya rasu daga baya, Allah ya jiƙansa da rahama.

Yanzu kifin teku ya cika kasuwanninmu na gida, amma a daskare yake zuwa bayan doguwar tafiya a jirgi da mota, shi ya sa sai an dulmuya shi cikin mai da yaji kafin ya ciyu. Ɗan'uwa, in tafiya ta kai ka bakin teku, ko Legas ko Kwatano ko Libreville, bar tuwo ya jira ka a gida. Nemi kifin da aka kamo da safiyar ranar, ka kira 'yan'uwa ku ci tare.