Mazaunin matuƙi

Ya kai mai karatu, bari in yi maka tambaya guda. In tayar amalankenka ta yi faci, kwana nawa take yi ba ka kai ta wurin gyara ba? Na san amsar, ko yini ba ta yi. In jaki ya ƙi cin abinci, ba ka da kwanciyar hankali sai ya warware. To, wurin da kai kanka kake zama fa, yaushe rabonka da ka dube shi?

Nan Galma da ƙauyukan da ke kewaye, amalanke shi ne motarmu. Shi ke kai taki gona, shi ke ɗauko ruwa da tubali, shi ke fid da albasa daga fadama zuwa bakin hanya, wani lokaci har Madawa. Shi ke kai mai naƙuda gidan likita da tsakar dare. Amma mai waldan da ya ƙera shi bai yi ma matuƙi wurin zama ba. Kaya ya yi ma wuri. Matuƙi sai ya ɗosana a kusurwar gaba, bisa ƙarfe ko katako, ƙafafu na reto, jiki na duban gefe, wuya a karkace yana duban hanya. Haka zai yi awa 3 ko 4.

A ajinmu na yaƙi da jahilci ba sai na tambayi sana'ar mutum ba. Masu amalanke zamansu ke nuna su. Ba su iya awa guda bisa tabarma. Wannan ya jingina da bango, wancan ya kishingiɗa, alƙalami a hannu amma hankali yana ga ƙugu. In na yi magana, sai su ce mini ai tsufa ne. Tsufa ga mutumin da bai cika shekara 35 ba! Ran kasuwa kuma su sayi ƙwayoyi wurin masu tallan magani, wasu har tramol, don su iya fita aiki. Ƙwaya tana rufe bakin ciwo, ba ta taɓa abin da ya kawo shi. Kuma kowa ya ga yadda tramol ta mai da samari a ƙasar nan.

Ga abin da ke faruwa. Mota tana da ƙarafa masu lanƙwasa a ƙarƙashinta, su ke shanye girgiza. Amalanke ba shi da su, sai iskar cikin taya kaɗai. Duk dutsen da taya ta hau, bugun yana bi ta ƙarfe ya shiga ƙashin bayanka kai tsaye. Wanda ya taɓa bin hanyoyin duwatsu na wajen Buza da Keita ya san abin da nake faɗi. Ƙafar da ke reto kuma, bakin katako yana danne ƙarƙashin cinya, jini ba ya gudu sosai. Shi ya sa in ka diro sai ka ji ƙafar ta mutu, ka yi ta ɗingishi.

Wannan damuwa ba ta masu amalanke kaɗai ba ce. Duk mai tuƙa tsohon abin hawa ya san ta, har a kan ruwa. Mu nan ba mu da kogi, amma ƴan ci-rani da yawa sun san Gaya, can bakin kogin Kwara. A shekarar 2023 aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil ta ƙasar Benin, sai mutane da kaya suka koma ƙetarewa cikin jiragen katako masu inji. Na ƙetare a cikin ɗaya a 2024. Matuƙin irin wannan jirgi can baya yake zama, hannu guda riƙe da sandar inji, tun safe har yamma. Yawancinsu a bakin jirgin suke ɗosanawa, kamar dai mu da amalanke, in kaya ya tare musu gaba sai su miƙe tsaye.

Wanda ya ƙetar da mu dattijo ne, jirginsa ya sha faci, injinsa Yamaha ne da fentinsa ya koɗe. Amma ya yi ma kansa mazauni. Akwati ne na katako, an ɗaure shi da jikin jirgi, da matashi a sama, da ɗan itace a ƙasa inda yake dafa ƙafa. Na tambaye shi dalili. Ya ce tsawon akwatin ya auna shi ne yadda zai hangi goshin jirgi ta saman buhuna ba tare da ya tashi ba. Matuƙin da ba ya ganin gaba, ko wanda baya ya dama har yana ta gyara zama, shi ke hawa tudun yashi da mutane. A nan na ga cewa mazauni ba gata ba ne, cikin kayan aiki yake. Ko a Turai, masu jiragen shaƙatawa in jirgi ya tsufa sukan cire kujerar matuƙi su sa wata mai shanye girgiza, da wurin ɗora ƙafa. Su da kuɗi suke yi. Dattijon Gaya da katako ya yi.

Kai ma kana iyawa, kuma yanzu da ka san lamba abin ya zo da sauƙi. Ari ma'auni wurin tela. Ka zauna bisa turmi ko kujera, tafin ƙafa a ƙasa, a auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwarka. Ga babban mutum yakan kama santimita 40 zuwa 45. Rubuta lambar a takarda ka kai ma kafinta, ka ce tsawon akwatinka ke nan. Kada ka ce masa "daidai misali", don misalinsa ba naka ba ne. Akwatin ya dubi gaba sak, ƙafafunka biyu su samu wurin takawa a kan amalanken. In yaro ne ke tuƙi zuwa rijiya, a sa masa ɗan katako ƙarƙashin ƙafa.

Sai matashi. Soson tsohuwar katifa yana yi, amma wanda ya riga ya mutu ba shi da amfani. In ka danna shi da hannu ka ji katako, bar shi. Audugar rimi ta fi, ga wanda ya samu. Ba ta da nauyi, ba ta saurin shan ruwa, har da ita ake cika rigunan ceton masu jirgin ruwa a da. Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne robar cikin taya. A yanka ta tsiri-tsiri, faɗin yatsa 3, a ja ta da ƙarfi a saƙa bisa bakin akwatin kamar saƙar gado, sannan a shimfiɗa buhu ko tabarmar kaba a kai don zafin rana. Wannan saƙa ita ke shanye bugun dutse kafin ya iso bayanka. Robar kuwa tana nan zube wurin masu faci.

Akwai wurin da ake kuskure, ka kula da shi. Amalanken jaki taya biyu gare shi, kamar sikeli yake. Abin da ka aza gaban tayoyin, bayan jaki yake dannewa. Mutum mai kilo 65 in ya zauna can bakin gaba, jaki na ɗauke da rabonsa na wannan nauyi duk tsawon hanya, daga nan gyambo ke fitowa ƙarƙashin akumari. Saboda haka kafin a kafe akwatin, kwance jakin, wani ya hau ya zauna, kai kuma ka ɗaga hannuwan amalanken. In sun yi maka nauyi ƙwarai, a ja akwatin baya. In suna neman tashi sama, a turo shi gaba. Ana son su ɗan rinjaya gaba kaɗan. Kuma a ɗaure shi da noti ko igiya mai ƙarfi. Akwatin da ke zamewa a gangara gara babu shi.

Na san abin da za ka ce, akwati zai cinye wurin buhu guda. Gaskiya ne. Amma babban buhun albasa yana wuce kilo 100, in ka yi lodi sosai dama bai kamata ka ƙara kanka a kai ba. Ranar lodi ka kwance akwatin ka bi jakinka da ƙafa. Sauran ranaku, na ruwa da na kasuwa da dawowa ba kaya, su suka fi yawa, kuma su ke cin baya.

Zancen majingini ne ban yarda da mai tsawo ba. Gajere ya isa, wanda zai tallafi ƙugu kawai. Mai tsawo barci yake kawowa, jaki kuma in ya ji shiru sai ya bi inda ya ga dama. A kan babbar hanyar da ta ratsa Madawa zuwa Maraɗi, inda manyan motoci ke gudu da dare, gyangyaɗi guda ya isa. In tafiya ta yi nisa, bayan kowace awa ka sauko ka taka kaɗan, ka miƙe baya, ka duba akumarin jaki. Da damina kuma, in ka dawo, cire matashin ka rataye shi cikin ɗaki.