Dirkar Ƙofar Lambu

A ƙasar Bebeji, gangaren madatsar ruwa ta Tiga, akwai wani dattijo mai lambu. Tun da aka gama madatsar a 1974, Kogin Kano ya daina yankewa da rani, shi kuwa bai taɓa fashin shuka albasa da tumatir ba. Ya kewaye lambun da dangar kara da ƙaya, ya sa ƙyaure ɗaya, wanda yake rataye a jikin dirkar kirya da ubansa ya kafa.

Wata damina dirkar ta karye daga tushe. Babban ɗansa ya ce, "Baba, bar mini wannan." Ya sayo itacen turare miƙaƙƙe kamar mashi, saran jiya, ya kafa ran nan. Kowa ya gani ya yaba.

Da hunturu ya shigo, sai dirka ta fara kantarewa. Dalili kuwa shi ne, ɗanyen itace cike yake da ruwa, in yana bushewa sai ya tsuke. Gefen da rana da iska suke bugu shi yake rigan bushewa, ya jawo ɗaya gefen. Turare kuwa ya fi yawancin itatuwa wannan hali, gama saurin girma gare shi, yakan murɗe har ya tsage. Kafin wata biyu ƙyaure ya sunkuya, ya bar kafa wadda ɗan akuya zai iya kutsawa.

Lokacin kuwa an gama kaka, an saki dabbobi. Wata ranar Jumma'a, mutane suna masallaci, awakin maƙwabcinsa suka shiga, suka cinye irin tumatir na kwami shida wanda ya isa dashe. Magana ta kai gaban mai unguwa. Mai unguwa ya zo ya dubi ƙofar, ya ce ba za a ɗora wa akuya laifin ƙofar da ba ta rufuwa ba. Hukuncin daidai ne, amma mutanen nan biyu, da suka shekara talatin suna cin tuwo a zaure ɗaya, suka daina gaisawa.

Ɗan ya ji kunya, ya ɗaura igiya a wuyan dirka, ya tara samari suka ja. Itace ya ce ƙas, ya tsage. Ai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wanda ya bushe a karkace ya riga ya zaɓi hanyarsa.

Wani tsohon masassaƙi mutumin Kiru ya biyo da turame, ya tsaya ya duba. Ya ce, "Malam, da ba ku tsaga ta ba, da tone ta kawai za a yi, a juya kanta ya kauce wa ƙyaure, nauyinsa ya riƙa jawo ta. Yanzu kam sai kirya, busasshiya."

Samun kirya ba wasa ba ne yau. Maƙera da masu gawayi sun cinye ta kusa da gari, dajin Falgore kuwa na gwamnati ne, an hana sara a cikinsa. Sai da dattijo ya bi hanyar Tudun Wada har ƙasar Doguwa, wurin wani surukinsa da iska ta kayar masa da kirya a gona shekara biyu da suka wuce.

Masassaƙi ya fere farin bayan itacen duka, domin shi gara take ci, ya bar jar zuciyar. Ya babbake gindin a wuta har ya yi baƙi, ya shafe shi da baƙin mai. Aka haƙa rami kamu biyu, watau sulusin tsawon dirkar, aka zuba tsakuwa a ƙasa don kada ruwa ya kwanta. Ya ɗaura dutse a zare ya saki, yana duban miƙewarta, ana zuba ƙasa kaɗan kaɗan ana dandaƙewa da taɓarya.

Kirya nauyi gare ta, mutum biyu ba su iya riƙe ta tsaye. Maƙwabcin nan yana tsaye bakin dangarsa tun safe yana kallo. Dattijo ya daɗe bai ɗaga kai ba, sa'an nan ya ce, "Malam, kama mana nan." Ya tuɓe rigarsa ya rataye a danga, ya zo ya kama.