Tsarabar Hanya A Cikin Waya: Da Wace Manhaja Za Mu Tace Bidiyon Tafiya?



Mu Hausawan Bangui jikokin matafiya ne. Kakanninmu fatake sun biyo ta ƙasar Adamawa da ta Cadi da hajarsu, har suka sauke kaya a bakin kogin Ubangi. A zamaninsu tsarabar matafiyi iri biyu ce: akwai ta cikin jaka, akwai ta baki, watau labarin hanya da ake bayarwa bayan sallar isha'i. Yau tsarabar baki ta koma cikin waya. Duk wanda ya dawo daga Garoua-Boulaï ko Ngawundare ko Njamena, za ka tarar da guntayen bidiyo hamsin ko sittin a wayarsa, wani yana rawa saboda gargadar hanya, wani iska ta cinye maganar da ke ciki. Shi ya sa tambaya ɗaya ke ta yawo a majalisun matasanmu na Miskine da Kilomita Biyar: da wace manhaja sabon shiga zai haɗa waɗannan guntaye su zama labari?

Ga wasu al'ummomi wannan tambayar nishaɗi ce kawai. A wurinmu tana da nauyi. Daga watan Disamba na 2013 zuwa farkon 2014, ayarin manyan motoci ya kwashe dubban Musulmin wannan birni zuwa Cadi da Kamaru, kuma Miskine na cikin unguwannin da abin ya fi shafa. Gidaje sun ƙone, hotunan aure da na suna da na dawowa daga Makka sun ƙone tare da su. Akwai yaran da suka tashi ba su san kamannin kakansu ba, don babu hoto ko ɗaya da ya tsira. Iyalai da yawa har yau a rabe suke, rabi nan, rabi can. Saboda haka idan ɗayanmu ya bi hanyar Boali da Yaloké da Bouar, kimanin kilomita 600 zuwa iyakar Kamaru, ya je ya ga gwaggonsa, bidiyon da ya ɗauko zumunci ne ga waɗanda ba su sami zuwa ba, kuma ajiya ce ga waɗanda ba a haifa ba tukuna.

To, iya ruwa fid da kai. Yawancin shawarwarin da ke intanet an yi su ne don mutumin da ke da babbar kwamfuta da wutar da ba ta ɗaukewa da katin banki. Mu kuwa abin da ke hannun yawancinmu Tecno ce ko Itel ko Infinix, wadda ma'ajiyarta ta riga ta cika da saƙonnin murya. Wuta takan zo ta tafi, caji sai an lallaɓa, data kuma da kuɗin cefane take gasa. Minti ɗaya na bidiyo a matakin 1080p yakan haura megabayit 100, na 4K kuwa ya ninka haka wajen sau uku. Duk manhajar da ba ta yi la'akari da wannan hali ba, komai sunanta, kayan aro ce a gare mu.

Masu kwamfuta sukan ji ana yabon Adobe Premiere Pro da DaVinci Resolve, kuma yabon gaskiya ne, domin da su ƙwararru ke aiki. Amma ta farkon haya ake biya kowane wata ko kowace shekara, ta biyun kuwa, ko da yake tana da samfurin kyauta, tana son kwamfuta mai ƙarfi ƙwarai, in ba haka ba hoto ya riƙa tsayawa yana tafiya. Ga mai tsohuwar kwamfuta, Shotcut ko Kdenlive sun fi dacewa: kyauta ne ɗungurungum, ba sa manna tambari a kan aikinka, kuma ba sa neman intanet bayan an sauke su. Mai iPhone yana da iMovie kyauta, ta kuma ishe shi shekara guda yana koyo.

A wayar Android sunaye huɗu ne suka fi yawo a bakin matasa: CapCut, InShot, KineMaster da VN. CapCut ta kamfanin ByteDance ce, mai TikTok, tana da sauƙi da kayan ado birjik, sai dai da yawa daga kayan adon sai da intanet, wasu kuma sai an biya. KineMaster tana ba da iko sosai a kan sauti da jera hotuna, amma samfurinta na kyauta yana ɗora tambarinta a kusurwa. InShot ta fi su saurin fahimta ga wanda bai taɓa yanka bidiyo ba. VN kuwa ta yi suna wajen fitar da aiki ba tare da tambari ba. Dokokin waɗannan kamfanoni sukan canja, abin da yake kyauta bana yana iya zama na kuɗi baɗi. Don haka muka ga ya fi a gwada da hannu, kuma gwaji huɗu ya isa.

Na farko, kashe data ɗungurungum, ka ga ko manhajar za ta bar ka ka yanka, ka haɗa, ka fitar da bidiyo. Na biyu, fitar da minti ɗaya kafin ka ɓata dare guda a kan aiki, ka duba ko akwai tambari, ko sai a ƙarshe za a ce ka biya. Na uku, taɓa bayan wayar bayan minti ashirin: idan ta yi zafi kamar dutsen guga, manhajar ta fi ƙarfinta. Na huɗu shi ne namu na kanmu, wanda ba za ka ji shi a bakin masu ba da shawara na ƙasashen waje ba. Rubuta «ƙauye» da «ɗan'uwa» da «ɓaure» a kan hoton. Nau'o'in rubutu da yawa ba su san haruffanmu masu lanƙwasa ba, sai su nuna ɗan akwati a gurbinsu. Zaɓi nau'in da ya fitar da su daidai, domin tsakanin «kasa» da «ƙasa» akwai tazara.

Akwai kuma masu raba manhajojin da aka fasa makullinsu, ana turawa daga waya zuwa waya ana cewa komai a buɗe yake. Mu guje su. Wanda ya fasa makullin yana iya cusa abin da ya ga dama a ciki, ga shi kuwa a wayar nan asusun kuɗinmu yake, da hotunan iyalinmu.

Bayan an zaɓi manhaja sai ainihin aikin, wato yanka. A 1943 Alhaji Abubakar Imam ya tafi Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Tafiyar makonni ce, littafin kuwa ɗan ƙarami, domin marubuci zaɓe yake yi. Haka mai bidiyo. Tafiyar kwana uku ta isa a ba da ita cikin minti huɗu ko biyar: fitowa daga tasha da asuba, ruwan Boali yana zubowa daga tsauni, mai gasa nama a bakin hanya, sa'an nan fuskar tsohuwa lokacin da ta ɗaga labule ta ga wanda ya zo. A wannan wurin na ƙarshe kada a yi rowar lokaci, a bar hoton ya daɗe.

Babban abin da muke roƙon matasanmu shi ne su ji tausayin sauti. Manhajojin nan suna zuga mutum ya shimfiɗa waƙa a kan komai, sai a wayi gari an binne muryar da aka yi tafiyar dominta. Kiran yaran mota da Sango, gaisuwar Fulatanci a kasuwar Ngawundare, Hausar kakarmu da kalmomin da mu kanmu muka fara mantawa, waɗannan su ne dukiyar. Bayan shekara ashirin waƙar yayi za ta zama abin dariya, muryar tsohuwa kuwa ba za a sami mai sake ta ba.

Sai batun amana. Kowa ya san hanyoyin ƙasar nan da shingayensu. Kada a ɗauki shinge ko masu kaki, in kuma sun faɗo cikin hoto a yanke su kafin a tura. Akwai 'yan'uwanmu da ke zaune a wani gari ba su so a san inda suke, suna da dalilinsu. Akwai matan aure da yara da aka ɗauka a tsakar gida don dangi su gani, ba don Facebook ba. A tambayi mutum kafin a saki fuskarsa. Abin da ya fi shi ne a fitar da bidiyo biyu, cikakke na gida, taƙaitacce na waje.

A ƙarshe, kada a goge asalin guntayen don an gama tacewa. Aikin da ke cikin manhaja ba ya ƙaura zuwa wata manhajar, kuma sau da yawa goge ta daga waya yakan tafi da shi. A kwafe asalin a katin ajiya, a rubuta masa rana da sunan gari. WhatsApp yana matse bidiyo ya rage masa kyau, sai dai in an tura shi a matsayin fayil, sa'an nan zai isa yadda yake. A fitar da 720p don yawo a waya, a ajiye 1080p don gobe. Kuma a ba wani ɗan'uwa da ke wata ƙasa kwafi ɗaya, domin mun riga mun ga abin da ke faruwa da ajiyar da ke ƙarƙashin rufi ɗaya.

Shawararmu ga sabon shiga mai wayar Android ita ce ya fara da VN ko InShot, ya yi musu gwajin nan huɗu, ya riƙe wadda ta ci, ya zauna a kanta wata shida ba tare da tsalle zuwa wata ba. Wanda ya riga ya ƙware kuma ya koya wa ƙannensa, mata da maza. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su lafiya, Ya haɗa fuskokinmu da na 'yan'uwanmu da ke nesa, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.