Kafin A Tayar Da Mota

Mu mutanen Bici ba mu da jirgin da zai sauka a bayan gari ya ɗauki mara lafiya. Matuƙanmu su ne direbobin tasha da maƙwabci mai tsohuwar Golf. Idan naƙuda ta yi gardama a Danzabuwa ko Badume da tsakar dare, ƙofarsu ake bugawa. Su kai mace babban asibitin Bici, in abin ya fi ƙarfin nan su miƙa da ita Asibitin Murtala a Kano. A jihohi irin su Jigawa, Katsina, Zamfara da Yobe har an taɓa tsara wannan aiki da ƙungiyar direbobi ta NURTW, aka horar da 'yan sa-kai don irin wannan dare.

Muna yi musu addu'a, muna yabon zuciyarsu. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne: wa ya duba ko direban nan ya runtsa tun jiya?

A Amurka akwai masu ƙananan jirage da ke kai marasa lafiya asibitoci masu nisa kyauta, da mansu da lokacinsu. Bayan haɗurra huɗu da suka ci rayuka a 2007 da 2008, hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar ta ba ƙungiyoyinsu shawarwari a 2010. Cikin abubuwan da ta ce a yi wa rubutacciyar ƙa'ida har da matsin da matuƙi ke ɗora wa kansa. Ga mara lafiya yana jira, ga ranar ganin likita ta zo, sai mutumin kirki ya dubi gajimaren da ba zai taɓa shiga ba in shi kaɗai ne, ya ce bari dai a gwada.

Wannan matsin mun san shi, kunya muke ce masa. Ba ɗan Bicin da zai iya duban idon dattijon da ya buga masa ƙofa ya ce, "Baba, na gaji." Ko da asuba ya fita lodi, ko fitila ɗaya ce ke kamawa, ko hazon hunturu ya rufe titi, zai ɗauki makulli. Ranar da hazon ya hana jirgi tashi a filin Malam Aminu Kano, shi yana kan hanya da mace a kwance a kujerar baya.

Matuƙa sun magance wannan da takarda. A 1935 wani sabon jirgin Boeing ya faɗo a Ohio saboda an manta ba a cire makullin da ke riƙe masarrafansa ba, alhali gwani ne ke tuƙi. Daga nan jerin dubawa kafin tashi ya zama doka. Har kansa matuƙi ke bincika: ciwo, maganin da ya sha, damuwa, maye, gajiya, da halin da zuciyarsa ke ciki. Hikimar ita ce da rana ake yanke hukuncin, hankali kwance, don kada tausayi ya yanke shi da dare.

Sai dai akwai bambanci babba. Fasinjojin waɗancan jirage galibi ba na gaggawa ba ne, in an fasa yau sai a tafi jibi. Mace mai zubar jini kuwa ba ta da jibi. Don haka a wajenmu "ba zan iya ba" ba ta da amfani sai in akwai "ga wane zai je" a bayanta.

Mu masu rubuta manhaja a nan sana'armu ta koya mana abu. Ba ma ɗora aiki mai muhimmanci kan na'ura ɗaya. Kullum akwai ta biyu a kunne, in ta farko ta tsaya ta karɓa nan take, ba wanda zai zagi wadda ta tsaya. Ƙauyukanmu kuwa rayukan matansu kan mutum ɗaya suke rataye.

Gyaran ba ya buƙatar manhaja, alli da bango sun isa. Kowace unguwa ta sami direbobi uku da ranakun kwanan shiri, lambobinsu a wajen mai unguwa da ungozoma. Mai kwanan shiri ya tashi daga lodi da wuri, ya duba burki, fitila, taya da mai tun kafin magariba. A haɗa asusun mai don kada a tsaya neman galan da ƙarfe biyun dare. A sa wani a gaba ya riƙe waya, ya sanar da asibiti, ya riƙa jan direba da hira. Dangi kuma su daina cewa "taka, direba, taka." Sauri ya kan haifi nawa, kuma rai biyu ne a bayan motar.

Sannan in direba ya ce yau idonsa ba zai kai Kano ba, mu ce masa, "Allah ya saka da alheri," mu kira na biyu.