Daga Magarya zuwa Dungas: tsuntsayen da wasu ke biyan jirgi don su gani

 Yau ba lissafin zubi muka zo da shi ba, yawo za mu fita.

A ƙasashe irin su Kenya da Tanzaniya, baƙi na tasowa daga Turai da Amurka, su biya jirgi da masauki, su shiga gandun daji da madubin hangen nesa don kallon namun daji da tsuntsaye. Mu ma a Nijar muna da irin wuraren. Akwai gandun W a bakin Kogin Kwara, akwai raƙuman dawa na Kure kusa da Yamai, waɗanda a 1996 saura 49 kawai suka rage kafin a tsare su su sake yawa. A 2018 an ɗauki 8 aka kai Gadabeji cikin jihar Maradi. A jiharmu ta Damagaram kuma akwai Termit da Tin Tumma, da aka killace a 2012. Amma gaskiya ɗaya ce: wuraren nan sun yi nisa, kuɗin mota ya fi ƙarfin asusunmu, wasunsu ma rashin tsaro ya hana zuwa. To, sai mu fara da wanda ke ƙofar gida.

In kin taso daga Damagaram kika bi hanyar Dogo da Bande zuwa Magarya, abin da zai fara cika miki ido gawo ne. Gona bayan gona, gawo a tsaye. Iyayenmu sun ce bayan farin 1984 filin nan fayau yake, iska na kwashe ƙasa har da irin da aka shuka. Manoma suka koma sassaben zamani: in toho ya fito ba a sare shi, sai a gyara masa a bar shi ya girma. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka Nijar ta samu itatuwa wajen miliyan 200, kuma Magarya da Matamai da Mirya na cikin inda abin ya fi kama ƙasa. Gawo kuwa kun san halinsa, da damina ya zubar da ganye ya bar hatsi ya sha rana, da rani ya yi kore ya zubo wa awaki ƴaƴa. Inda itace ya dawo, tsuntsu ya dawo. Ki tsaya da sassafe bakin gona, za ki ji kurciya da hasbiya, ki ga cilakowa na tsalle reshe zuwa reshe, belbela na bin sawun shanu, shirwa na shawagi tana neman ɗan tsakon wani.

Zango na biyu Korama ce. Wajen Bande da Waca ruwa na kusa da ƙasa, shi ya sa ake da garake na rake da rogo da albasa. Tabkunan da damina ta bari su ne masaukin tsuntsayen ruwa. Can za ki ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran bashi, ga kirinjijiya garke guda suna fito, wani lokacin har dinya. Da sanyin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, baƙi na ƙaruwa: ƙananan agwagin ruwa da suka gudo wa ƙanƙarar Turai, suka ƙetare teku da Sahara da fiffikensu, ba fasfo ba biza. Wato tsuntsun da Bature ke leƙe a ƙasarsu da bazara, shi ne ke kiwo a tabkinmu da ɗari.

Daga Magarya in kika yi gabas zuwa Dungas, wadda ta zama gunduma mai kanta a 2011, tsuntsun da ya kamata ki jira shamuwa ce. Tana zuwa gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a tsamiya ko kuka ko gawo a tsakiyar gari, ba ta tsoron mutane don ba a taɓa ta. Ganinta ke sa maigida ya fara duba iri, ke kuma ki fara tunanin bashin taki. Abincinta fara ne da tsutsa, ke nan ma'aikaciyar gona ce da ba ta karɓar lada. In kaka ta yi sai ta tattara ƴaƴanta ta yi kudu, har ƙasashen kudancin Afirka, inda damina ke farawa lokacin da tamu ta ƙare.

Ƙungiyar da akwatinta ya ɗan yi nauyi tana iya ƙara gaba. Tabkin Gidimuni, gabas da Damagaram, mai dabino da kanwa, yana cikin dausayin da duniya ta yi wa rajista ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta 1971, haka ma tabkin Lasuri tun 2005. In kuma aka ƙetare iyaka ta Maigatari, ana iya kaiwa fadamar Haɗeja da Nguru, inda Baturiya da Dagona suke, wuraren da tsuntsaye ke sauka dubbai. Sai dai a riƙe katin ɗan ƙasa, a tambayi lafiyar hanya kafin a tashi.

Yanzu ga abin da ya sa muka kawo zancen. Ku tambayi kanku, yaushe rabon ku ga ungulu a mahauta? Da, ko akuya aka yanka sai sun cika wuri. Guba da masu sayar da kawunansu don magani sun kusa ƙarar da su, har a 2015 aka sa ungulun gari cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa. Ita ce kuwa ke kwashe mushe kafin ya zama cuta. Gauraka ma ta yi wuyar gani. Tabkuna na cikewa da rairayi da kacalla. Wannan duk ya shafi tukunyarmu, don tabkin da ya ƙafe ba tsuntsu kaɗai ya kora ba, ya tafi da kifi da garka da ribar mai sayar da rake.

Shawararmu ga ƙungiyoyi ita ce a ware rana guda bayan rabon shekara. Kada a taɓa kuɗin taimakon gaggawa, a yi wani ɗan zubi daban na mota da abinci. A fita bayan sallar asuba, don da rana ta take tsuntsu ya ɓuya. A sa tufafi marasa ƙyalli, a rage hayaniya, ko da yake mun san wannan ne mai wuyar a wurinmu! A tafi da tsohuwa guda da ta san sunaye, da ɗiya ƴar lakwal mai littafi ta rubuta abin da aka gani da ranar da aka gan shi. A gaida mai gari kafin a sauka bakin tabki, a nemi ma'aikatan gandun daji su yi rakiya. Yara kuma a karɓe musu danƙo, ba a ɗaukar ƙwai, ba a taɓa sheƙa.

Tun da aka fara Mata Masu Dubara a Maradi a 1991, mun saba da ƙirga abu mako-mako har ya zama dukiya. Ƙungiyar da ta ƙirga sheƙunan shamuwa a garinsu bana, ta sake ƙirgawa baɗi, za ta san ko garin na gaba ko baya, ta kuma samu abin faɗa a gaban magajin gari in an zo sare itacen. Duk wadda ta je, ta aiko mana da sunayen da ta rubuta, mu buga a fitowa ta gaba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa wa akwatunanmu auki. Amin.