82 da Nema

A ƙasar Papua New Guinea, can arewa da Ostareliya, ana magana da harsuna sama da 800, kuma ba abin da ya haɗa kan mutanen kamar ƙwallon zari-ruga, irin wadda ake yi da 'yan wasa goma sha uku a kowane ɓangare. Duk wanda ya san yadda garuruwanmu ke yin tsit lokacin kokowar takobi, kowa kunnensa na jikin rediyo, zai gane irin son da nake nufi. Kuma kamar a filin kokowa, an daɗe ana ganin wurin mace a wannan wasa bai wuce bakin fili ba: ta yi guɗa, ta koma gida.

Sai a 2017 aka kafa ƙungiyar mata ta ƙasar. Ta maza ana ce mata Kumuls, sunan tsuntsun da ke jikin tutarsu. Matan aka raɗa musu Orchids, sunan wani fure. Ko wanda ya zaɓi sunan ya yi tunanin irin karon da za su riƙa yi, ƙirji da ƙirji, oho. Wasansu na farko a Port Moresby aka yi shi, da matan Ostareliya, aka lallasa su da ci 42 da 4. Bayan wata biyu suka tafi Sydney gasar cin kofin duniya, Cathy Neap na riƙe da kambun kyaftin. Ingila ta doke su, Kanada ta doke su, New Zealand ta doke su. A gida kuwa masu bakin tsiya suka yi musu ca a Facebook, wai sun zubar da mutuncin ƙasa, wai su bar wa maza abinsu.

Ni ta hanyar wani fim na san su, Power Meri, wanda Joanna Lester ta fitar a 2018. "Meri" na nufin mace a Tok Pisin, harshen da suke cuɗanya da shi a can. A waya na kalle shi, da guntun data, yana yi yana yankewa. Karon da gudun ba su ne suka tsaya mini a rai ba, gidajensu ne. Cikinsu akwai uwaye. Mace ta gama hidimar gida da neman na cefane, sannan ta ɗauki takalmi ta nufi atisaye, alhali ba albashi ke jiranta a can ba.

Abin ya taɓa ni ne saboda ɗiyar ƙanwata. Yarinya ce mai gudu kamar barewa, tana ƙwallon hannu a lakwal, har malaminsu ya sa ta cikin waɗanda za su wakilci gari. Ba wanda ya fito ya ce haramun ne. Ƙananan maganganu ne kawai, a wurin biki da bakin pampo, wai wa zai auri mai tsalle gaban maza, ga kuma tambayar wa zai yi tallar da take yi da marece idan ta tafi fili. Tambaya ta biyun ce ta kashe maganar, don uwar ba ta da amsarta. Ni ma a lokacin aljihuna bai da ita.

Abin mamaki, shi wannan wasa a kan irin tambayar aka haife shi. A 1895, a garin Huddersfield na arewacin Ingila, ƙungiyoyin yankin suka ɓalle daga hukumar zari-ruga, saboda 'yan wasansu ma'aikatan masaƙu ne da masu haƙar kwal, kuma duk ranar wasa suna asarar kuɗin aikin yini. Suka nemi a riƙa biyan su wannan asara, masu hannu da shuni na kudu suka ce wasa don nishaɗi ake yi, ba don kuɗi ba. Mai ƙoshi ne ke faɗin haka. Shekara ɗari da ashirin da 'yan kai bayan nan, matan Papua suka iske tambayar na nan inda aka bar ta.

Duk da haka ba su watse ba. A Nuwamban 2019 matan Ingila suka kai musu ziyara. A Goroka baƙin suka yi nasara, amma bayan mako guda a Port Moresby, a gaban mutanensu, Orchids suka ci 20 da 16. A 2020 Elsie Albert ta samu shiga St George Illawarra Dragons a gasar mata ta Ostareliya, inda ake biyan 'yan wasa. Ita ce kyaftin lokacin da suka je kofin duniya a Ingila a 2022. Suka doke Kanada 34 da 12, suka yi wa Brazil 70 da nema, suka kai wasan kusa da na ƙarshe, su da shekara biyar baya ko wasa ɗaya ba su ci ba.

A birnin York suka sake gamuwa da Ostareliya. Aka tashi 82 da nema.

Na san akwai masu cewa to ga shi nan, da ma an faɗa. Ni ba haka nake karanta wannan sakamako ba. Matan Ostareliya suna da gasar da ake biyan su tun 2018, da likitoci da masu horarwa, da lokacin da za su kwanta su huta bayan atisaye. Maki 82 ɗin nan awon wannan tazara ne, kuma da kuɗi aka gina ta, da kuɗi za a rage ta. Kwana biyar bayan haka, a filin Old Trafford, matan Ostareliyan nan suka yi wa New Zealand, wadda ta ɗauki kofin har sau uku, ci 54 da 4. Ban ji wanda ya ce matan New Zealand su koma madafa ba.