Ƙwallon Aduwa a Gazawa

Hunturu ya yi tsaka na sauka a Gazawa, daga wata mota da ta ɗauko mu tun Maraɗi, ta ratsa Cadawa da Agye, ta ajiye ni ta yi gaba abinta zuwa Tasawa. Garin na bakin kwalta ne. Har zuwa 2011 ƙarƙashin Agye yake, a shekarar ne aka yanke masa tasa gundumar. Baƙo na iya wucewa bai ga komai ba sai masu tsire da masu gyaran babur. Ni kuwa tallar wata yarinya ce ta tsayar da ni: faranti cike da aduwa, gefe guda magarya, sai goruba biyar da aka jera kamar sun zo gaisuwa.

Na sayi aduwar, na fasa ɓawonta mai ƙaras-ƙaras, na tsotse zaƙin nan nata da ɗaci ke biye da shi, na yar da ƙwallon. Yarinyar ta sunkuya ta ɗauke ta jefa a leda. Na ce me za ta yi da shi? Ta ce na innarta ne. Abin da ya kai ni gidansu ke nan washegari.

Na tarar da dattijuwar zaune gaban wani faffaɗan dutse, tana ɗora ƙwallo ɗaya-ɗaya tana sauke masa ƙarfe. Ƙwallon aduwa dogo ne mai taurin tsiya, da zane-zane a jikinsa daga sama har ƙasa. Bugu biyu take yi masa ya tsage, ta zaro ɗan cikin fari tas. Na karɓa na gwada: bugu na farko ƙwallon ya tsere ƙarƙashin rumbu, na biyu ya sami babban yatsana. Ta miƙo mini ɗan cikin ta ce, “Taɓa ka ji, ɗana.” Ɗaci kamar maɗaci! Ta yi dariya har da riƙe ciki. Sai an dafa an zubar da ruwan, an sake dafawa, kafin ya ciwu. Wanda ba a ci ba a soya shi, a daka, a tatsi mai. A bishiyar nan ba abin yarwa: ganye da furenta su ne dubagira, icenta kuma ake sassaƙa allo da shi.

Daga nan ta shiga ɗaki ta fito da ƙwarya biyu, kuma a nan ne ziyarar ta zama karatu. A ta farko akwai ƙwallayen danya da ta adana tun bazara, lokacin da nunu ke zuba. Shi ƙwallon danya ƙofofi gare shi, biyu ko uku, kowace da ɗan murfinta. A ɓalle murfin, a sa ƙaya a zaƙulo abin ciki. Wannan ba ya son wuta, ɗanye ake ci, maiƙonsa har ya fi na gyaɗa. A ta biyun akwai dilo, wato ’ya’yan anza, busassu, kamar ƙananan wake. Ta ce kada in kuskura in kai baki. Kwana da kwanaki ake jiƙa shi, ana tsiyaye ruwa ana zuba sabo, har ɗacin ya fita, sannan a dafa. Wanda ya yi gajen haƙuri ya ci da sauran ɗaci, cikinsa zai ba shi labari. A yunwar 2005, wadda ta yi wa jihar Maraɗi mugun kamu, dilo ya riƙe gidaje da yawa, shi ya sa har yau wasu ke jin kunyar a gan shi a tukunyarsu. A Damagaram kuwa kamfanin Sahara Sahel Foods sarrafa shi yake yi yana sayarwa a leda, tare da man aduwa. Abincin da ake ɓoyewa a ƙauye ya zama na kanti a birni.

Ni da na zo da tunanin cewa harshe ne alƙali, mai ɗaci a tofar, mai daɗi a haɗiye. Na faɗa mata haka. Ta nuna mini shingen bayan gida, inda bini-da-zugu ya yi layi. ’Ya’yansa baƙaƙe ne, uku a kowane kwanso, kuma yaron da ya tauna zai ce maka gyaɗa ce. Ba a jimawa amai da zawo su kama shi, sai an kai shi likita. Haka zurma, mai ’ya’ya masu roɗi-roɗi kamar ƙosasshiyar kaska. Ita dafinta ma ya fi. “Malam,” ta ce, “abin da ba ka ga uwarka ta ba ka ba, ka tambaya tukuna.” Ita ba da ɗanɗano take gane ƙwallo ba. Bishiyar take fara sani, ganyenta da ƙayarta da watan da take zuba, sannan ta san me ake yi wa ɗanta kafin ya shiga baki.

Da yamma jikanta ya raka ni wajen gari, ɓangaren Gulbin Kaba, kwarin da ya ci sunan kabar da ta cika shi. Gorubobi tsaye da rassa biyu-biyu, a ƙasa kuma ƙodago birjik, wanda ko akuya ta haƙura da shi. Yaron ya ce na makara: da na zo goruba na ɗanya, da na sha ƙwalshi tun cikin bai daskare ba. Cikin gonakin da aka girbe, aduwa da gawo da kalgo sun tsaya jefi-jefi. Yawancinsu ba dasa su aka yi ba, toho ne daga tsofaffin kututture da manoma suka daina sarewa. Sassaben zamani suke ce wa dabarar, wadda Tony Rinaudo ya fara yaɗawa a Maraɗi a 1983, ƙauyen Ɗan Saga na ƙasar Agye kuma ya yi suna da ita.

Yaron ya ɗaga sanda ya kaɗa reshen wata aduwa, ’ya’ya suka zubo. Ya ware kore ya watsar, ya tsince rawaya, ya cika mini aljihu. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: in na gama tsotsa, in mayar wa Inna da ƙwallayenta.